Ba-Birki da Harawar Damina

Shekara talatin da uku Baba Ba-Birki ya yi yana tuƙa babbar mota, kuma duk wanda ya taɓa zama a gefensa zai rantse maka cewa ba a zalunce shi da sunan nan ba. Bai san ƙafa tana da wani aiki ba sai taka totur. In ka ce masa, "Baba, ga kwana fa," sai ya ce, "Ita ma ai ta gan mu." Duk da haka ko kaza bai taɓa takewa a hanya ba. Wannan kuwa ikon Allah ne, ba gwaninta ba, amma in za ka faɗi haka a gabansa ka fara duba inda ƙofa take.

Ido ne ya sauke shi daga mota. Wata rana da rana tsaka ya ja ya tsaya a gaban wani allon hanya, ya leƙo ta taga, ya ce, "Ranka ya daɗe, sannu da aiki," ya miƙa masa takardun mota. Allo bai karɓa ba. Labari ya riga shi isa tasha. Mai mota ya kai shi asibiti, likita ya nuna masa baƙaƙe a jikin bango, Ba-Birki ya ce shi dai bai ga baƙaƙe ba, amma bangon ya sha fenti. A ranar aka karɓi makulli.

Babban ɗansa, wanda kowa ke kira Akawu saboda aikin ofis da yake yi a birni, ya ɗauke shi ya ba shi ɗaki a saman bene. Ga katifa mai laushi, ga fanka, ga talabijin, ga taga mai kallon bangon maƙwabta. Ya ce, "Baba, wahalar da ka yi mana ta isa, ka huta." Kwana goma sha biyu Ba-Birki yana hutawa. Ya kwance fanka ya ɗaure, ya cire ƙofar banɗaki wai yana jin wata ƙara a jikinta, ya koya wa surukarsa jera kwanuka yadda ba za su motsa ba ko an faɗa rami. Rana ta goma sha uku aka same shi zaune a bakin gado, ya riƙe faranti da hannu biyu yana juya shi a hankali, yana kallon bango. Nan take Akawu ya kira uwarsa a waya.

Ita uwar, duk shekarun da mijinta ya yi yana tsere da iska, tana zaune a 'yar gonarsu ta bayan gari, mai ɗaki uku da rijiya da kududdufi. Da akuya ɗaya da kaji biyu ta fara. Yanzu tana da saniya, da jaki, da tumaki bakwai, da awaki tara, da kaji da agwagi, da zabin da ba su ƙirguwa don ba sa tsayawa a ƙirga su. Da ƙwansu da nononsu yara suka yi makaranta. Ba-Birki Manaja yake kiranta tun suna da ƙuruciya, ita kuma ba ta taɓa cewa sunan bai dace ba.

"Kawo min shi," ta ce wa Akawu. "Gwiwata ta gaji, ina neman mai ɗaukar kaya."

"Inna, Baba fa bai san dabba ba sai a cikin kwano."

"Na ce ka kawo shi."

Ko akwatinsa ba a sauke ba ta tare shi a ƙofar gida. "Direba, buɗe kunnenka, ga ɗanka nan shaida. Shekara ɗaya zan gwada ka, daga kakar nan zuwa wata kaka. In dabba ɗaya ta mutu ta dalilinka, ko da ɗan tsako ne, ka koma bene ka ci gaba da tuƙa faranti."

"Haba Manaja! Ni da na sha ɗauko shanu arba'in a mota ɗaya?"

"Ɗauka ka yi, ba kiwo ba. Ka yarda ko ba ka yarda ba?"

Ya tuna tagar nan mai kallon bango. Ya ce ya yarda.

Kafin mako ya zagayo ya raɗa wa kowa suna. Saniya ta zama Gingimari. Jaki ya zama Akori-kura. Bunsuru, saboda wari da rashin kunya, ya samu Karen Mota. Akwai wata tsohuwar tunkiya mai jan ƙafa, kullum ita ce ta ƙarshe wajen fita, ita ce ta ƙarshe wajen dawowa, amma in ta sa baki a komi sai an janye ta. Ita ya kira Tsohuwar Bas. Daga cikin akwatin kayan aikinsa ya zaro wani tsohon hon na roba, irin wanda ake matsawa ya yi faa-fuu, ya rataya a wuya. Duk sa'ad da zai zuba dusa sai ya matsa sau biyu. Manaja ta ce wannan hauka ne. Kwana goma aka yi, in hon ya yi kuka har zabi sai sun bar abin da suke yi sun rugo.

Kaka kuwa tasa ce, a nan ya nuna musu shi wane ne. Aikin lokacin shi ne kwashe harawar wake da ta gyaɗa da karmami daga gona kafin rana ta kakkarya su, a ɗaure, a hau da su kan rumfa. To, in dai lodi ne da ɗauri, an zo gidansu. Yakan jera dami a amalanken jaki har ya fi ɗaki tsawo, ya ja igiya ya yi mata wani ƙulli irin na 'yan mota, ya daki gefen kayan ya ce, "Ko gangare za a bi da wannan, ko ganye ba zai faɗi ba!" Akori-kura ne kaɗai bai ji daɗin wannan gwaninta ba.

Maƙwabcinsu wani tsohon tela ne, siriri kamar allurarsa, wanda ke kafa kekensa a gindin bishiya daf da shinge don kada wani abu ya wuce shi. Ya leƙo ya ce, "Direba, jakin nan yana da lasin ɗaukar wannan kaya?"

"Tela, ka ji da wandon mutane. Jiya na ga wani da ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, na san daga ina ya fito."

Da aka gama lodi, Manaja ta nuna masa rumfar bayan ɗaki, mai tsani. Ta sa ya zaɓo dami goma sha biyu mafi kyau, masu ganye shar, ya hau da su, ya rufe da tamfol.

"Wannan ta damina ce," ta ce. "Ko sama za ta faɗo kada ka taɓa ta."

Ba-Birki ya kusa faɗowa daga tsani don dariya. "Ta damina? Lokacin da ciyawa ke neman shiga mana ɗaki? Tela! Zo ka ji! Manaja tana ɓoye ruwa don ranar ambaliya!"

Ta dube shi sama da ƙasa, ta juya ta tafi. Bai tambaya ba, ita ma ba ta yi bayani ba. Haka suka saba tun da can: ita ta ba da umarni, shi ya yi dariya, mota ta tashi.

Da sanyi ya shigo awaki suka fara zuba 'ya'ya, biyu biyu, wata ma uku. Ba-Birki ya kewaye musu turke da tsohon tamfol, ya shimfiɗa tattaka, ya riƙa yawo da 'yan awaki a cikin rigarsa kamar mai goyo. Duk wadda ta haihu sai ya tsaya a shinge ya yi wa Tela shela: "An ƙara fasinja biyu!" Wata safiya ya hango kaza tana kai-kawo a bakin kududdufi tana ihu, 'ya'yanta kuwa duk suna cikin ruwa. Ya tuna sharaɗi, ko da ɗan tsako ne! Bai tsaya cire takalmi ba ya afka har ƙugu, a cikin sanyin nan, yana kamo su yana cusawa a hula. Ya fito yana karkarwa, ya miƙa wa Manaja hula yana haki.

"Na ceto su! Duka bakwai!"

Ta leƙa hular. "Sannu da ƙoƙari, Direba. Ƙwan agwagwa na sa mata ta kwanta a kai. Mayar da su, wanka suke yi."

Mako guda Tela yana yi masa kwak-kwak ta bayan shinge.

Rani ne ya ƙure shi. Kududdufi ya ƙafe ya tsattsage, igiyar rijiya ta ƙara gaba biyu, ya ja guga har tafin hannunsa ya manta da sitiyari. Kaji suka koma ƙarƙashin amalanke suna buɗe baki. Ya koyi cire kaska da yatsa, ya koyi sassaƙe kofaton tunkiya, ya koyi jiƙa dusa da ɗan gishiri don ta yi auki. Babbar rumfa ta fara yin ƙasa, Manaja ta rage awo, sannan ta sake ragewa. Gingimari kuwa tana da ciki, amma haƙarƙarinta ya fito har mai matsalar ido irin tasa yana iya ƙirgawa. In ya wuce sai ta bi shi da kallo, ta yi wani ɗan nishi.

"Manaja, tankin motar nan ya kusa ƙonewa. Ga mai can a kan rumfa muna kallo."

"Ta damina ce."

"In ta mutu kafin daminar fa?"

"Ba za ta mutu ba. Rama ba ta kisa. Na fi ka sanin ta."

A ganinsa wannan rowa ce kawai aka sa wa riga. Ya kuma san abu ɗaya: gwiwar Manaja ba ta hawa tsani. Sai ya fara. In ta shiga ɗaki hutun rana, ya lallaɓa ya hau, ya zura hannu ta baya, ya zaro runguma ɗaya, ya kai wa Gingimari. Tumaki suka gano, suka shiga layi. Ya bar dami biyu na gaba yadda suke, ya tokare tamfol da kara ta ciki, in ka tsaya a ƙasa sai ka rantse kaya na nan cike. Tsohon ɗan lodi ne, ya san yadda ake sa rabin mota ya yi kama da cikakkiya. Gingimari ta ɗan murmure, shi kuwa har wani taku ya ƙara, yana jin ya fi Manaja tausayi, ya kuma fi ta dabara.

Sai ga hadari. Ruwan farko ya sauka da la'asar, ƙamshin ƙasa ya tashi, agwagi suka haukace, Karen Mota ya hau amalanke yana tsalle, Ba-Birki ya tsaya a tsakar gida yana matsa hon ba dalili har Manaja ta jefe shi da murfin tukunya. Cikin 'yan kwanaki duniya ta yi kore. A gonar bayan kududdufi gyauron wake ya tashi, wato wanda ya zube bara ya tsiro da kansa, ya haɗu da ɗanyar ciyawa, sun yi luf, har kai mutum sai ka ji yawunka ya tsinke.

Amma Manaja ba ta saki dabbobi ba. Kowace safiya sai ta ce, "Hau ka sauko da harawa." Sai sun ci busasshe sun yi nauyi, rana ta ɗaga, raɓa ta bushe, sannan ta bari a kai su bakin hanya su ɗan taɓa ɗanye, a dawo da su. Shi kuwa yana hawa yana saukowa da abin da ya rage, kullum runguma tana ƙanƙancewa. Dami biyu ba su da yawa. Ranar da ya karkaɗe na ƙarshe, washegarinta ne Manaja za ta birni a yi mata allurar gwiwa, Akawu ya dawo da ita da yamma.

Tana gyara mayafi a ƙofar gida ta ce, "Ka ba su harawa su ƙoshi. Ka jira raɓa ta bushe. Kada su shiga gonar baya. Direba, ka ji ni?"

"Na ji, Manaja. Allah Ya kiyaye hanya. Ki ce wa direban ya riƙa taka birki."

Tana ɓacewa ya hau rumfa don cika umarni. Ya ɗaga tamfol: kara, ƙura, da wata kaza da ta samu wurin yin ƙwai. Ya sauko. Dabbobi suna ta kuka, ciki ba komai tun jiya. Ya dubi gonar baya tana ƙyalli da raɓa. Ya ce a ransa, mota ba mai, ga gidan mai a buɗe kyauta, sai a tsaya jiran me? Ya buɗe shinge, ya kwance kowa. "Ku sha! Ku cika tanki, yau Manaja ba ta nan!"

Kai, ka ga murna! Gingimari ta shiga da gudu kamar karsana, tumaki suka dulmuya kai ba ɗagowa. Ba-Birki ya jingina da shinge yana jin daɗin ƙarar tsinkar ganye, ya ma je ya ɗebi ruwa, ya share akurki, ya tsaya suka taɓa musu da Tela a kan ko jaki yana da giyar baya.

Hantsi ya yi sosai lokacin da ya koma. Ya tarar Gingimari ta daina ci. Ta tsaya ta tale ƙafafu, ta miƙe wuya, baki buɗe, yawu na zuba. Ya matsa kusa don idonsa ya gani da kyau. Kwiɓinta na hagu, inda da safe yake rami, ya taso ya wuce ƙashin baya. Ya ɗaga yatsa ya ƙwanƙwasa, yadda ya saba yi wa taya kafin tafiya. Ya ji tum, tum. Shekara talatin da uku sun koya masa wannan ƙara: tayar da aka yi wa iska fiye da kima, saura kaɗan ta tashi.

Ya cafki hon ya matsa da duk ƙarfinsa. Faa-fuu! Faa-fuu! Awaki da tumaki suka fito daga cikin wake a guje, suna zaton dusa ce. Ya kora su tsakar gida ya ja shinge, ya dawo ya ja saniya, tana tafiya tana tangaɗi.

"Tela! Tela! Bar wandon nan ka zo!"

Tela ya tsallako shinge da almakashi a hannu. "Innalillahi! Me ka yi mata? Famfo ka sa mata?"

"Kira likitan dabbobi!"

Aka kira. Likita yana can wani ƙauye, ruwa ya cinye hanya, ya ce ko ya taso yanzu sai bayan azahar. Ba-Birki ya dubi saniya, ya san ba ta da azahar. Tagar bene ta gifta masa a ido, sai kuma wani abu ya biyo bayanta. Ya tuna wata tafiya da ya ɗauko shanu, wani bijimi ya kumbura a tsakiyar hanya, mai shanun ya sa aka tsaya, ya gicciya masa itace a baki, ya zura masa roba har ciki, ya ɗura masa mai. A lokacin shi haushin ɓata lokaci kawai yake ji. Ashe ido ya ɗauka ya ajiye.

"Jawo ta kan tudun nan, ƙafafun gaba a sama! Riƙe ƙaho!"

"Ni? Ka dube ni da kyau, Direba. Iska ma kayar da ni take yi."

"Riƙe, ko in gaya wa gari wanda ya ɗinke wa ango aljihu ta baya!"

Tela ya riƙe. Ba-Birki ya ruga ɗaki ya kifar da akwatin kayan aiki. Ga tiyo sabo fil, wanda ya saya a tafiyarsa ta ƙarshe, bai taɓa shiga tanki ba. Ga mazurari. Ya faɗa madafa ya suri kwalbar man girkin Manaja, cikakkiya. Ya gicciya guntun itace a bakin saniya, ya ɗaure ta bayan ƙaho da ƙullinsa na 'yan mota, ya shafe tiyo da mai, ya fara turawa a hankali. A hankali fa! Mutumin da bai taɓa yin komai a hankali ba tun da aka haife shi.

"In ya bi ta hanyar numfashi ka kashe ta," in ji Tela, ƙafafunsa na lilo a sama duk sa'ad da ta girgiza kai.

"Na sani. Yi shiru in ji."

Ya kara kunne a bakin tiyo. Ya ji iska na shiga tana fita, huu, haa, saniya ta yi tari. Tiyo ya shiga hannun da ba nasa ba, ya bi hanyar numfashi. Ya janyo, ya jira ta haɗiya, ya sake turawa. Ya kara kunne, ba numfashi. Ya kara hanci. Wani wari ya doke shi wanda ya sa Karen Mota ya zama mai turare.

"Mun iso tasha! Ɗaga mazurari!"

Ya juye man nan duka, ya zare tiyo rabi ya mayar, ya koma gefenta yana murza kwiɓi da gwiwar hannu, yana dannawa, yana magana da ita kamar yadda yake yi wa mota a kan tudu. "Haba Gingimari, haba 'yar albarka, kada ki yi min haka, saura kaɗan, ja mu je!" Shiru. Idonta ya fara juyewa. Ya danna, ya sake dannawa.

Sai ta saki. Wata gyatsa ta taso tun daga ƙasan duniya ta biyo tiyo, ta fito da kumfa kore, ta sami Tela a tsakiyar fuska. Ta sake, ta sake. Zabi suka watse. Kwiɓi ya fara sauka a ƙarƙashin hannunsa kamar an cire wa taya bawul. Ya ƙwanƙwasa, ya ji laushi. Ba-Birki ya yi wani ihu, ya rungumi wuyan saniya, ya rungumi Tela da kumfarsa, ya matsa hon sau wajen goma.

"Ta sace! Tela, ta sace! Wa ya ce ɗauka ba kiwo ba ne?"

"Sake ni, mugu! Ka ɓata min riga, ka ɓata min hanci har abada!"

Suka zagaya da ita tsakar gida har ta fara tuƙa. Tumaki biyu da suka ɗan taso ya ba su sauran man da ya kalato, suka warware. Yana cikin dariya ya fara ƙirga. Awaki sun cika. Tumaki, ɗaya, biyu, har shida. Ya sake ƙirgawa. Shida.

Ya same ta a can ƙarshen gona, kwance a cikin wake. Tsohuwar Bas ta ji hon, amma ba ta taɓa barin abinci don an kira ta ba. Ta kumbura har ƙafafu sun miƙe, numfashi saura na ƙarshe. Ya durƙusa ya taɓa ta, ya san babu tiyon da zai yi aiki a nan. Tela ya rugo da wuƙa, ya karɓa ya yanka ta kafin ta zama mushe. Ya daɗe a tsugune.

Da motar Akawu ta tsaya da la'asar, suka tarar da nama a rataye a inuwa, fata a shanye, shi kuma Ba-Birki yana zaune a ƙofar gida a kan akwatinsa, ya sa rigar tafiya. Ya cire hon daga wuya ya rataye a turke.

Manaja ta fito tana ɗingishi. Ta dubi fata, ta gane mai ita. Ta wuce wurin Gingimari, ta shafa kwiɓinta, ta ga mai a gemunta, ta ga tiyo a ƙasa.

"Ina man girkina?"

"Yana cikin Gingimari."

"Harawata fa?"

"Ita ma. Tun rani." Bai ɓoye komai ba, har karan da ya tokare tamfol da shi. Ya ƙare da cewa, "Ta dalilina ta mutu, Manaja. Ga shaida nan ya zo da mota."

Akawu ya sunkuya zai ɗauki akwati, har da ɗan murmushinsa. "Ba komai Baba, ɗakinka na nan, an ma gyara ƙofar banɗakin."

"Ajiye," in ji Manaja. Ta jawo turmi ta zauna, ta miƙe ƙafar da aka yi wa allura. "A shekarun farkon kiwona, kana can kana gaisawa da kwana-kwanar hanya, awaki huɗu gare ni. Ruwan farko na sake su da sassafe, ina murna. Kafin azahar uku suka kumbura a gabana, ina tsaye da goyon wannan." Ta nuna Akawu da haɓa. "Cikin da ya sha yunwar rani, in ka cika shi da ɗanye mai raɓa, kumfa yake yi. Busasshe ne ke tare shi. Tun ranar nake ɓoye harawa."

"To me ya hana ki faɗa min?"

"Ka tambaya? Tela ka kira ya taya ka dariya."

Ya sunkuyar da kai. Ta sake duban saniya, wadda ke tuƙa abinta kamar ba ita ba.

"Da gaske da wannan robar ka sauke ta?"

"Da ita. Tela ya riƙe ƙaho."

"Riƙe ni ƙahon ya yi," in ji Tela daga bayan shinge.

"Shekara talatin ina kiwo," Manaja ta ce, "ban taɓa ceto wadda ta kai haka ba. Kallo nake yi har su tafi. Yau na samu wanda ya iya, sai in ba fanka shi? Ni na kafa sharaɗi, ni zan sake shi. Shekararka ta fara daga yau, Direba. Gobe da safe ka nuna min yadda ake zura abin nan. Yanzu kuma tashi ka nemo musu busasshe ko a rufin wa yake."

Bai bari ta rufe baki ba. Ya yi tsalle daga kan akwati kamar an ɗana masa wuta, ya fizgi hon daga turke, ya matsa faa-fuu a kunnen Akawu, dabbobi suka rugo suka kewaye motar, Karen Mota ya haye kanta. Akawu ya zo ɗaukar uba, ya koma birni da cinyar tunkiya a kujerar gaba.

Tsakiyar damina Gingimari ta haifi maraƙi, aka sa masa Ƙaramar Mota. Ba-Birki kuwa ya kamu da sabuwar cuta, ta tambaya. Me ya sa ake ware rago? Me ya sa zabuwa ba ta kwanci a akurki? Me ya sa, me ya sa, har Manaja ta ce da ta sani ta bar shi da dariyarsa. Da kaka ta zagayo, dami ashirin ya hau da su rumfar baya, ya ɗaure tamfol da ƙulli uku, ya sauke tsani ya kai ɗakinsa ya tura ƙarƙashin gado.

Cikin rani Tela ya leƙo ta shinge, ya ce akuyarsa ta rame, ko za a taimaka masa da runguma ɗaya daga ta saman can.

Ba-Birki ya dube shi sama da ƙasa. "Ta damina ce," ya ce. "Zauna in gaya maka dalili."